Wane suna za mu raɗa wa ƙararrawar nan mai nuna fuskar baƙo?

Mai shagon kayan tsaro, Wuse: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kyamarar tsaro ta samu sunanta, kowa ya san ta. Wadda ta rage ita ce na'urar nan da ake maƙalawa a bakin ƙofa: baƙo ya danna, wayarka ta yi ƙara, ka ga fuskarsa, ku yi magana ko da kana wurin aiki. Ring da Eufy da Ezviz da Hikvision duk suna ƙera ta. Mai saye yakan zo ya ce a ba shi "wadda ake gani a waya", sai a miƙa masa kyamarar bango, ya je gida ya tarar ba madanni. Rashin suna ne ke jawo wannan asarar. Ni dai na kawo "idon ƙofa". Me kuka gani?

Malamar Hausa, Kubwa: Wa alaikumus salam Alhaji. Idon ƙofa yana da daɗin faɗa, sai dai 'yar hudar nan mai gilashi da ake leƙawa a jikin ƙofa ta fi cancantar sunan. Kuma ido gani kawai yake yi, ita kuwa wannan aikinta uku: ta kira, ta nuna, ta isar da magana. A gidan Bahaushe baƙo yakan yi sallama a zaure, a aiki yaro ya dubo ko wane ne, ya dawo ya faɗa, a ce ya je ya ce ana zuwa. Aikin yaron nan ta gada. Me zai hana mu ce "ɗan-sallama"?

Injiniya mai haɗa kyamarori, Gwarinpa: Malama, sunan ya yi ma'ana, amma zai ɓoye rabin amfaninta. Wanda ake sayenta dominsa, wato ɓarawo, ba ya sallama. Akwai wani sashe a cikinta da ke farkar da kyamarar ko ba a danna ba. Mu kira shi "mai jin motsi", ko da yake a irin masu batir ɗumin jiki yake ji idan mutum ya gitta ta gabansa. Shi ya sa in ta fuskanci titi, duk motar da ta wuce da zafin injinta sai wayarka ta yi ƙara, har mutum ya gaji ya kashe sanarwar, daga nan kuma tsaro ya ƙare. Maganinsa: a shiga manhajar a zana iyakar da za ta lura da ita, a cire titi, a bar dokin ƙofa. A kafa ta kamar mita 1.2 daga ƙasa. In an kai ta sama irin na kyamarar bango, hula da ɗankwali za ta riƙa ɗauka maimakon fuska. Shawarata: "ƙararrawa mai ido".

Malamar Hausa, Kubwa: Wannan ya zauna a baki. Ƙararrawa ce uwar sunan, ido ya bambanta ta da ta da. Jam'inta ma ba wuya: ƙararrawoyi masu ido. Na janye nawa.

Mai aikin wuta, Lugbe: Na yarda, amma ga wani tarko. Iri biyu ce, kuma in muka ce "mai batir" da "mai waya" mun rikita mutane, domin waya a Hausa ta kira ce kuma ta wuta ce, su kuwa duka biyun da wayar hannu suke aiki. A ce "mai batir" da "mai kebul". Kuma don Allah a ja kunnen masu saye: mai kebul ba a jona ta kai tsaye da wutar gida. Wutarmu bolt 230 ce, da yawansu kuwa 16 zuwa 24 suke so ta ƙaramar taransifoma, wasu 12 ta adafta. A duba bayan kwalin kafin a taɓa komai. Wadda aka yi wa kasuwar Amurka taransifomarta ta bolt 120 ce, in ka soka a nan ta ƙone.

Injiniya mai haɗa kyamarori, Gwarinpa: Haka ne Malam. Sannan gidajen Abuja a get ake buƙatarta, ba a ƙofar falo ba. Tsakanin rauta, wato na'urar da ke ba da Wi-Fi a cikin gida, da get akwai bangon bulo biyu ko uku, ga ƙarfen get ɗin kansa, duk suna cinye Wi-Fi. Yawancin ƙararrawoyin layin Wi-Fi na 2.4GHz kaɗai suke kamawa, don haka a tsaya a get da waya a kan wannan layin a gwada kafin a huda bango. Hoton 1080p yana son saurin turawa na kamar 2Mbps. In sigina ba ta kai ba, a ja kebul ɗin intanet na Cat6 a cikin bututu, a ɗauki irin da ke samun wuta da data ta kebul ɗaya, muddin tsawon bai wuce mita 100 ba. Abin da aka fi mantawa shi ne rauta. Batirin ƙararrawa na iya cike, amma da AEDC ta ɗauke wuta rauta ta mutu, ba abin da zai iso wayarka. A ɗora rautar a kan inbata ko ƙaramin batirin ajiya.

Mai shagon kayan tsaro, Wuse: To saura inda hoton yake zama. Na cikin na'ura "katin memori" ne, ba gardama. Na kamfani fa, da ke kan intanet, wanda ake biya duk wata?

Malamar Hausa, Kubwa: "Rumbun haya". Rumbu ne, amma ba naka ba, ranar da ka daina biya an rufe.

Injiniya mai haɗa kyamarori, Gwarinpa: Madalla, sunan da kansa ya gargaɗi mai saye. Ring ba ta ajiye maka bidiyon baya sai da wannan biyan, alhali wasu samfuran Eufy da Ezviz suna ajiyewa a gida. Amma in katin yana jikin ƙararrawar a waje, wanda ya ɓalle ta ya tafi da shaidar, gara wadda ma'ajiyarta ke cikin ɗaki.

Mai shagon kayan tsaro, Wuse: An tsaya ke nan: ƙararrawa mai ido, mai batir ko mai kebul, da mai jin motsi, da rumbun haya. Haka za a rubuta a rasit. Kuma hunturu na tafe, a riƙa goge gilashin da ƙyalle mai laushi duk mako, domin ƙura da yanar gizo-gizo suna dawo da hasken da take haskawa da dare cikin kyamarar, hoton ya fito fari fat.