Me za mu kira "interlayer bond" da Hausa?

Jama'a, kalma nake nema. Titin kwalta hawa-hawa ake shimfiɗa shi, kuma injiniyoyi na da sunan da suke kiran yadda shimfiɗar sama ke kama ta ƙasa: interlayer bond. An kawo "haɗi", an kawo "danƙo", an kawo "riƙo".

Haɗi bai yi ba. Ana iya haɗa abu biyu kowanne yana zaman kansa. Ɗora katako biyu masu kauri ɗaya, ka taka tsakiya, za su lanƙwashe kowanne na zamewa kan ɗan'uwansa. Manne su su zama guda, jurewar lanƙwasa ta ninka sau 4. Wannan bambancin ne kalmar za ta ɗauka.

Danƙo kuwa mu bar wa tack coat, ruwan kwaltar nan da ake fesawa sama-sama kafin a zuba sabuwar shimfiɗa. Shi abin fesawa ne. Ana iya fesa shi kan ƙura, ko tayoyin tifa su kwashe shi, a gama aiki sama ba ta kama ƙasa ba.

Ni dai riƙo na zaɓa: riƙon shimfiɗa. Yana karɓar mataki, a ce mai ƙarfi, a ce sako-sako, a ce ya saki. Kuma ana auna shi. A gwajin Leutner da ya fito daga Jamus a 1979, curi ake hudowa daga titi, faɗinsa milimita 150, a tura saman gefe har ya rabu da ƙasan.

Wajen gyara ne abin ke cizo. Lissafin kaurin titi da ya samo asali daga aikin wani injiniya mai suna Burmister a shekarun 1940, galibi ana yin sa bisa zaton riƙon cikakke ne. In tsohon titi ya saki daga ciki, na'urar da ke buga nauyi ta auna lotsawa za ta ga lotsawa mai yawa, kwamfuta kuma ta ɗora laifin kan kwaltar ko ƙasar da ke ƙarƙashi. Sai a ƙara kauri, kuɗi su tafi, cutar na nan a binne. Da an gane, kankarewa za a yi har a wuce inda ya saki. In sakin na kusa da sama, alamarsa tsagewa ce mai siffar jinjirin wata, inda motoci ke taka birki ko shan kwana.

Debonding, wato rabuwar shimfiɗar sama da ta ƙasa, ke nan ya zama sakin riƙo. Masu aikin hanya, ku me kuke cewa a bakin aiki? In kuna da taku, ita ce gaba da tawa.