Ta ina ake fara karanta littattafan Star Wars?

Ɗan Fagge:
Salamu alaikum. Don Allah masana, wanda ya gama kallon finafinan Star Wars guda tara yana son shiga littattafan, da wanne zai fara? Wasu an rubuta Legends a saman bangonsu, wasu babu, kuma sunan Thrawn ya cika ko'ina. Ko sai an bi su bi da bi tun daga farkon tarihin?

Mai Karatun Dare:
Wa alaikumus salam. Kafin ka sayi ko ɗaya, ka sani labarin ya rabu gida biyu. Disney ta sayi Lucasfilm, kamfanin da ke shirya finafinan Star Wars, a 2012, sai a watan Afrilun 2014 aka sanar cewa littattafan da suka riga suka fito an ware su da sunan Legends, sababbin finafinai ba za su bi su ba. Sabon layin da ke tafiya tare da finafinan ya fara ne da A New Dawn na John Jackson Miller a Satumbar 2014. Bambancin ba ƙarami ba ne. A Legends 'ya'yan Han da Leia uku ne, tagwaye Jacen da Jaina sai Anakin, Luke kuma ya auri Mara Jade. A sabon layi ɗansu ɗaya ne tak, Ben. Duk wanda ya gauraya layukan nan zai ruɗe tun a littafi na biyu.

Shawarata ka fara da Heir to the Empire na Timothy Zahn, wanda ya fito a 1991, ka bi shi da Dark Force Rising na 1992, ka rufe da The Last Command na 1993. Labarin ya ɗauko ne shekara biyar bayan Return of the Jedi, da mutanen da ka riga ka sani, don haka ba sai ka haddace sababbin sunaye da yawa ba. A nan Thrawn ya fara bayyana, kwamandan da ke nazarin zane-zane da sassaƙar kowace al'umma har ya gano yadda za ta yi yaƙi. Sai dai an rubuta su kafin finafinan 1999 zuwa 2005, saboda haka abin da suka faɗa kan Clone Wars, babban yaƙin da waɗannan finafinan suka nuna, bai zo daidai da fim ba. Kada wannan ya dame ka.

Baba Gwani:
Ƙarin bayani kan Thrawn, don a nan ake yawan asarar kuɗi. Zahn ya sake rubuta wasu uku a sabon layi: Thrawn a 2017, Alliances a 2018, Treason a 2019, sannan wasu ukun masu suna Ascendancy tsakanin 2020 da 2021. Babu ɗayansu da yake ci gaban na 1991. Ci gaban na gaskiya shi ne Specter of the Past na 1997 da Vision of the Future na 1998.

In wurin masu littattafan gwanjo za ka saya, kar ka dogara da bango. Bugun da aka yi kafin 2014 ba shi da tambarin Legends mai ruwan zinare. Buɗe shafin haƙƙin mallaka ka duba shekarar bugun farko.

Uwar Ɗakin Karatu:
Malam Mai Karatun Dare, ban ƙi taka ba, amma wanda ya kalli duka taran ya fi sabawa da sabon layi. Ni Lost Stars na Claudia Gray zan miƙa masa, na 2015. Littafi ɗaya ne mai cin gashin kansa: yara biyu, Thane da Ciena, sun tashi tare, sun shiga makarantar sojan Daula, ɗaya ya koma wajen 'yan tawaye, ɗayar ta riƙe rantsuwarta. Ta idanunsu za ka sake ganin manyan yaƙe-yaƙen tsofaffin finafinan har zuwa na duniyar Jakku. In ya yi maka, sai Bloodline na 2016, kan siyasar Leia shekara shida kafin The Force Awakens.

Bin tarihi daga farko kuwa, ɗan'uwa, kada ka soma. Marubuta daban-daban ne, ingancinsu bai zo ɗaya ba, kuma littattafan da suka fi nisa a tarihi babu wanda ka sani a cikinsu. Haka nan ka jinkirta jerin New Jedi Order na layin Legends: littafi 19 ne daga 1999 zuwa 2003, kuma mutuwar da ke cikin na farkonsu, Vector Prime, ba za ta taɓa ka yadda ya kamata ba sai ka daɗe da mutanen.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka da alheri. Na sauti fa, wanda ake saurara a waya?

Baba Gwani:
Amin. Ka duba tsawonsa kafin ka biya. Yawancin na shekarun 1990 an taƙaita su zuwa kamar awa uku, an zubar da fiye da rabin labarin. Heir to the Empire cikakke shi ne wanda Marc Thompson ya karanta a 2011, ya haura awa 13, da kiɗan fim ɗin da ƙarar jirage a ciki.