Sabar shagonmu ta tsufa, me ya kamata in yi?

Mai Kemis Jekadafari: Salam jama'a. Muna sarin magani a Gombe, muna da reshe a Kumo, duk lissafin kaya da bashin kwastomomi yana kan saba ɗaya (babbar kwamfutar da sauran ke shiga) mai Windows Server 2012 R2. Yaron da ke duba mana ya ce tun Oktoban 2023 Microsoft suka daina turo mata gyaran tsaro, ga shi ƴan Kumo ta Remote Desktop (hanyar shiga kwamfuta daga nesa) suke shigowa. Manhajar lissafinmu a Windows kaɗai take aiki. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan me ya yi?

Ɗan Pantami: Alhaji ka sa Ubuntu kawai, wani nau'in Linux ne maimakon Windows, kyauta ne, samfurinsu na LTS shekara 5 ana turo masa gyara.

Mai Kemis Jekadafari: Ai na ce manhajar ba ta hawa Linux.

Maman Ilham: Alhaji wallahi kar ka yi sanya. Mu haka aka bar mana ƙofar 3389 da Remote Desktop ke bi a buɗe, fasuwod ɗin ma sunan shago ne da 123, wata safiya muka buɗe duk fayil ya ƙi buɗuwa sai wata takarda da Turanci wai mu biya da Bitcoin. Abin da ya fi ƙona min rai hard disk ɗin da muke ajiye kwafi yana jone da sabar, shi ma suka kulle shi. Masu bashi da suka ji labari wasu cewa suka yi sun biya tuni, mutanen da muke gaisawa kullum fa. Wanda ya haɗa mana kuma ya daina ɗaukar waya.

Injiniya Bolari: Allah ya mayar da alheri Hajiya. Alhaji yau ɗin nan a rufe 3389, ƴan Kumo su riƙa shigowa ta VPN (killatacciyar hanya ta intanet), kowane ma'aikaci da nasa akawun ba kowa ya shiga da Administrator ba, kwafi kuma a cire shi daga jikin na'ura a kai gida. Sannan a koma Windows Server 2022. Ni da lasisi na gaske sai da ya haura miliyan.

Ɗan Pantami: Miliyan?? Dubu 20 aka sa wa yayana.

Injiniya Bolari: Wannan na sata ne ƙanina, wani lokacin da ƙwayar cutar kwamfuta a ciki yake zuwa.

Ɗan Pantami: Ku injiniyoyi kullum sai kun tsorata mutane, shekara nawa ba abin da ya same shi.

Maman Ilham: Mu ma haka muke cewa da.

Baffan Tudun Wada: Ni littafin bashina ɓera kaɗai ke masa kutse 😂

Abban Hanifa: Ku bar ta ɓarayin intanet, tamu sabar wuta ce ta kashe ta, aka ɗauke aka dawo da ita da ƙarfi, batirin UPS, na'urar da ke riƙe wuta in an ɗauke, ashe ya mutu tuntuni.

Injiniya Bolari: Batirin lithium za ka sa da sola.

Abban Hanifa: Ka san nawa lithium yanzu kuwa? Kuma ga bil na wata-wata ba wuta.