Ina zan ware wa yarona wurin karatu a ciki da falo?

Maman Khalifa:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyaye da malamai. Ɗana na fari yana aji shida na firamare, kuma bana zai zauna jarrabawar shiga sakandare. Muna zaune a gidan haya a Kano, ciki da falo, tsakar gidan kuwa tare muke amfani da ita da sauran 'yan haya. Yakan dawo daga boko wajen ƙarfe biyu, ya tafi Islamiyya bayan la'asar, ba ya shigowa sai dab da magariba, saboda haka aikin gida sai bayan isha'i. A daidai lokacin ne mahaifinsa yake kallon labarai, ƙannensa biyu suna ta guje-guje, shi kuma yana kwance rub da ciki a kan leda yana rubutu, har makon jiya autar ta kifar masa da kofin kunu a kan littafin lissafi. Yaya zan yi in sama masa wurin da zai natsu, alhali ba mu da ɗakin da za mu ware?

Malam Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Na daɗe ina koyarwa a firamare, kuma yawancin yaran da suka yi fice a hannuna ba su taɓa mallakar ɗakin karatu ba, amma kusan kowannensu yana da kusurwar da aka san tasa ce da kuma lokacin da ba a aikensa. Ki zaɓi lungu ɗaya a falon, nesa da ƙofa, ki sa shi ya fuskanci bango domin talabijin ta kasance a bayansa.

Abin da na fi so ki ba muhimmanci shi ne haske. Kada ki dogara da wutar lantarki, tunda ana iya ɗauke ta yana tsakiyar aiki. Ki nemi ƙaramar fitila mai aiki da hasken rana, a shanya ta da safe, kuma a hana kowa ɗaukarta zuwa madafa ko banɗaki. Idan da dama yake rubutu, a ajiye fitilar ta hagunsa domin kada inuwar hannunsa ta rufe abin da yake rubutawa, idan kuma bahago ne sai a juya. Fitilar waya ba ta dace ba, domin wayar kanta ita za ta ɗauke masa hankali.

Game da lokaci kuwa, yaron da ya yi boko ya yi Islamiyya ya riga ya gaji kafin isha'i, shi ya sa za ki ga yana gyangyaɗi a kan biro. Ki gwada raba masa aikin: rubutu na minti 30 ko 40 da dare, haddar jadawalin sau da bitar darasi kuma bayan sallar asuba, lokacin da gari yake shiru kuma zafi bai taso ba.

Baban Ummi:
Ni kafinta ne, don haka ta ɓangaren sana'ata zan yi magana. Kuskuren da iyaye suke yawan yi shi ne su zaunar da yaro a teburin manya, wanda tsayinsa yakan kai santimita 75, sai ka ga ƙafafunsa suna reto, kafaɗunsa sun ɗage. Ki tafi da shi wurin kafinta a auna shi: tafin ƙafarsa ya taka ƙasa sosai, gwiwar hannunsa kuma ta yi daidai da saman teburin. Idan wuri ne matsalar, akwai falanki da ake kafewa a bango da maƙalai, a buɗe shi lokacin karatu a naɗe bayan an gama, sai dai ki nemi izinin mai gidan kafin a huda masa bango.

Hajiya Uwar Marayu:
'Yar'uwa, ni ban ga laifin tabarma ba, domin a kanta muka yi karatun allo. Rub da cikin ne kawai zan ce ki hana, saboda yana ɓata rubutu yana kuma jawo barci. Ƙaramin teburi mai gajerun ƙafafu ya wadatar. Littattafan kuma ki zuba su a akwatin ƙarfe mai murfi, wanda zai tsare su daga gara da ƙurar hunturu da hannun ƙanne, Alƙur'aninsa kuwa a ɗora shi can sama shi kaɗai. Amma duk wannan ba zai yi tasiri ba sai kin shawo kan maigida, cikin ladabi, ya rage sautin talabijin na wannan ɗan lokacin.

Maman Khalifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi wa Baban Khalifa maganar, ya ce zai koma sauraron rediyo a ƙofar gida har yaron ya gama. Baban Ummi, don Allah wane irin katako zan ce a yi falankin da shi, wanda ba zai lanƙwashe ba idan damina ta shigo?