Neman shawara: kwana goma a gandun dajin duwatsun Amurka da mota da tanti

Ɗalibi a Kolarado:

Assalamu alaikum. Ni da abokan karatuna biyu mun ƙudura cewa idan an yi hutu a watan Yuli za mu ɗauki hayar mota daga Denba mu zaga gandun dajin da ke kan duwatsun Roki, muna kwana a tanti muna hawan dutse da ƙafa. Niyyarmu mu fara da Rocky Mountain, mu wuce Grand Teton da Yellowstone, mu ƙare a Glacier da ke kan iyakar Kanada, duka a cikin kwana goma. Babu wanda ya taɓa kwanan daji a ƙasar nan a cikinmu. Shin kwanakin za su isa, kuma me ya kamata mu tanada?

Baban Amira:

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Shawarata ita ce ku cire Glacier daga lissafin. Daga Denba zuwa garin Jackson, wanda yake bakin Grand Teton, tuƙin kusan awa takwas ne, daga Yellowstone zuwa Glacier kuma akwai wata awa shida ko bakwai, ga dawowa gida da za ta ci muku kwana biyu. Na yi wannan kuskuren da iyalina, sai muka wayi gari kullum muna kafa tanti da magariba muna naɗe shi da asuba, yara sun gaji, duwatsun da muka je dominsu kuwa ta gilashin mota kawai muke hango su. Ranar da har yau muke labarinta ita ce wadda muka ajiye motar a tafkin Jenny, muka tsallaka a kwale-kwale, muka taka zuwa magangarar ruwan Hidden Falls, dutsen Grand Teton mai tsayin mita 4,199 yana samanmu da dusar ƙanƙara a kansa a tsakiyar Yuli. Ku ba wa wannan yankin da Yellowstone aƙalla kwana shida.

Ku kama wurin kafa tanti tun yanzu. Yawancin wuraren ana buɗe rajistarsu a shafin intanet na Recreation.gov wata shida kafin ranar, kuma masu kyau ba sa daɗewa.

Maman Sadiƙ:

Ni abin da ya fi damuna, ɗana, shi ne abinci. Yankin nan na beyar ne, wato wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi da faratu, kuma hancinta ya fi na kare nisa. Na san ba za ku tafi ba kilishi da dambun nama ba, to kada ko ɓarɓashinsu ya kwana a cikin tanti. A wurin zango za ku tarar da akwatin ƙarfe mai sakata; a nan ake kulle abinci da tukunya da man goge baki da sabulu, har da turaren da muke so mu shafa in za mu yi salla. Ku sayi feshin barkonon korar beyar, ku rataye shi a ƙugu inda hannu zai kai, ba a ƙasan jaka ba. Dokar Yellowstone ita ce tazarar mita 91 tsakaninku da beyar ko kyarkeci, mita 23 kuma da ɓaunar can, wadda take kiwo shiru kamar saniyar Fulani amma ta fi mutum gudu ninki uku, kuma ta sha raunata masu matsowa ɗaukar hoto.

Kada sunan bazara ya ruɗe ku. Ko a Yuli sanyin dare yakan kusa daskarar da ruwa, ya fi na hunturun Jos, saboda haka ku nemi jakar barci mai kauri da shimfiɗar da za ta raba ku da ƙasa.

Malam na Wayomin:

Zan ƙara kaɗan a kan abin da Hajiya Maman Sadiƙ ta faɗa. Hanyar Trail Ridge a Rocky Mountain tana kaiwa mita 3,713, inda iska ba ta da kauri, sai mutum ya ji ciwon kai da haki ko da lafiyayye ne. Ku yawaita shan ruwa, in abin ya tsananta ku sauko. A Yuli da Agusta hadari yakan haɗu bayan azahar, kuma a saman dutsen da babu bishiya aradu ba ta da abin faɗa wa sai kai. Ku fita da zarar kun idar da sallar asuba, ku juyo kafin rana ta take. Shinkafa ma takan ƙi nuna da wuri, domin ruwa yana tafasa ne tun bai kai zafin da ya saba ba, don haka ku riƙe iskar gas fiye da yadda kuka ƙiyasta. Ku kuma sauke taswira da lokutan salla a wayarku tun daga gari, saboda sabis yakan ɗauke a cikin dajin.

Ɗalibi a Kolarado:

Allah ya saka muku da alheri. Mun zauna jiya da dare mun cire Glacier: kwana biyu a Rocky Mountain, uku a Grand Teton, uku a Yellowstone, biyu a hanya. Malam, shin feshin barkonon a Denba ya fi dacewa mu saya, ko mu bari sai mun isa Jackson?