Mazda MX-5 ko Highlander, wacce ta fi daɗin zama?

Baban_Hanif_Wunti:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin harkar mota ku ba ni shawara. Wani dillali ya turo min hoton Mazda MX-5, irin ƙaramar motar nan mai kujera biyu da ake buɗe rufinta, wallahi tun ina saurayi nake mafarkin irinta. To ga kuma jif ɗin Toyota Highlander 2012 a hannunsa, kuɗinsu bai yi nisa da juna ba. Ni dogo ne kuma ina da ɗan jiki, ga iyali da yara uku, kuma ina yawan zuwa Gombe daga nan Bauchi gaida Hajiyarmu. Akwai tsohuwar Corolla a gida ta kai yara makaranta. Shin zama cikin ƙaramar nan yana da daɗi a doguwar tafiya kuwa, ko dai kyan kallo ne kawai?

Injiniya_Fadaman_Mada:
Wa alaikumus salam Alhaji. Tunda ka ce kai dogo ne to ka tsaya ka ji. MX-5 duk tsawonta kusan mita 4 ne, Highlander kuma kusan mita 4.8, amma ba ma nan matsalar take ba, matsalar ita ce bayan kujerar direba bango ne, in ka tura kujerar baya ta ƙure to shi ke nan, ba ka da inda za ka kwantar da ita ka miƙe bayanka. Zama kake yi dab da ƙasa, ƙafafu a miƙe gaba, gwiwa tana gogar sitiyari, in an rufe rufin kuwa sai ka cire zanna bukar ɗinka ka ɗora a cinya. But ɗinta a sababbin ƙira lita 130 ne, ƙaramin akwati ɗaya da jakar hannu sun cika shi.

Sannan ƙasanta gajere ne sosai. Tudun nan da ake yi a titi don rage gudu sai ka bi shi a karkace, in ba haka ba ka ji ƙarar gogawa har cikin ranka, balle ramukan da ruwa ke bari bayan damina. Highlander tana da tsayin kusan santimita 20 daga ƙasa, kuma injin V6 mai lita 3.5 ɗin da ke cikinta shi ne a Lexus RX 350, kowane bakanike a garin nan ya san shi. Kayan Mazda ɗin kuwa sai ka yi waya kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko ta Ladipo a Legas ka zauna jira.

Sadiq_Gwallameji:
Injiniya ka faɗi gaskiya amma ba ka yi wa ƙaramar adalci ba. Na tuƙa BMW Z4 ta wani abokina, kujerar irin waɗannan motocin riƙe ka take yi ta gefe da gefe, a kwana ba ka zamewa ko kaɗan, ita kuwa jif in ka shiga kwana da ɗan gudu sai ka ji tana rinjaya kamar kwale-kwale. Kuma mutane suna ta cewa Highlander kujera bakwai kujera bakwai, wa ya taɓa zama a layi na uku daga Bauchi har Alkaleri? Na yara ne kawai, babba gwiwarsa a ƙirji take, kuma da zarar ka ɗaga kujerun but ɗin ya zama ɗan mitsitsi. Ga mai, tun da aka cire tallafi a 2023 kowa ya san abin da V6 ke yi wa aljihu, MX-5 nauyinta tan ɗaya da 'yan kai ne, ita Highlander ta doshi tan biyu. MX-5 ɗin nan da ake ƙerawa tun 1989 har aka wuce miliyan ɗaya a 2016 ai ba don tana wahalar da mutane ake sayenta ba. Tunda akwai Corolla a gida ni ban ga laifi ba.

Maman_Ilham_Tunfure:
Yaya ku duk kuna ta maganar kwana da inji, ba wanda ya tuna da Hajiya. Ranar da ta ce ka kai ta asibiti ko ka ɗauko ta ta yi sallah a Bauchi, tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta durƙusa ta shiga wannan motar? Shigar ma da sauƙi, fitar ce aiki, sai an kamo ta hannu biyu. Kuma ka san ba za ta bar ka ka baro Gombe ba buhun masara ko wake da galan ɗin man gyaɗa ba, ina za ka sa su? Buɗe rufin ma yaushe, a zafin watan Maris da Afrilu ko a ƙurar hunturu? Mu mata ma gyale ba zai zauna a kai ba. Yara uku kuma duk ranar da ka tada motar nan sai an yi kuka a ƙofar gida don ɗaya kawai za ka iya ɗauka.

Baban_Hanif_Wunti:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maman Ilham maganar Hajiya ta shige ni gaskiya. Har yanzu raina yana kan Mazda ɗin, na ce wa dillalin ranar Asabar zan zo in zauna a cikinta da hulata rufi a rufe, in zagaya da ita ta Yelwa in ji yadda bayana zai yi. Injiniya, idan jif ɗin zan ɗauka, layi na uku na Honda Pilot ya fi na Highlander sarari ne? Babban yarona ya fara tsawo.