Neman kalma kafin Litinin

Malama Binta: Salamu alaikum malamai. Ina fassara darasi, Litinin za a raba wa ɗalibai. Me za mu kira "embodied cognition"? Wato ra'ayin da ke cewa sassan ƙwaƙwalwa masu sarrafa motsi suna da hannu a gane ma'ana. Misalin darasin shi ne binciken su Hauk da Pulvermüller na 2004 a Ingila: mutum yana kwance cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa, ya karanta kalmomin lasa, ɗauka da shuri, sai wuraren da ke motsa harshe, hannu da ƙafa su farka, shi kuwa ko yatsa bai ɗaga ba.

Yahuza: Fahimtar jiki.

Dakta Sa'idu: A'a. Wannan "-r" ta mai da jiki abin da ake fahimta, kamar fahimtar lissafi. Ɗalibi zai ɗauka darasin likitanci ne. Sai dai "jikantacciyar fahimta", daga jiki zuwa jikanta, kamar baƙi da baƙanta.

Yahuza: Dakta, a rubuce "jikanta" ai ɗan ɗanta ne.

Alhaji Na-Damagaram: Fahimta ma Larabci ce. Kakanninmu sun riga sun gama magana: jiki magayi. A sa haka a huta.

Dakta Sa'idu: Ranka ya daɗe, jiki magayi ana faɗa wa wanda ya ƙi ji ne har ya sha wuya. Gargaɗi ne.

Alhaji Na-Damagaram: Ku 'yan boko na Kano, in kalma ba ta bi ta jami'a ba, ba kwa ganinta da gashi.

Yahuza: Alhaji, Litinin ɗin ma aro ce. Mu mayar?

Dakta Sa'idu: Mu koma kan aiki. Malama, kada sunan ya yanke hukunci, don maganar ba ta zauna ba. Glenberg da Kaschak a 2002 sun ce wanda ya karanta "rufe durowa" ya fi saurin miƙa hannu gaba fiye da jawo shi. Daga baya ɗakunan bincike 18 suka maimaita gwajin, ba su ga haka ba. In za ki ba da misali, ɗauko namu: tura da turo, kai da kawo. Wasalin "-o" kaɗai ya juyo motsin wajen mai magana.

Malama Binta: Na gode. Zan sa "fahimta ta hanyar jiki", da bayani a ƙasa.

Alhaji Na-Damagaram: Kalma huɗu ai jimla ce, ba suna ba. To, sa. Amma ki ambaci karin maganar ko a gefe ne.